Shuɗin fofin Himalaya: ya yi fure sau ɗaya ya mutu, ina kuskuren yake?

Sabuwar Mai Lambu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimakonku nake nema, don abin ya dame ni ƙwarai. Bara na sayi tukwane uku na shuɗin fofin Himalaya, wanda ake rubuta wa Meconopsis a jikin takarda. Na dasa su ƙarƙashin wata babbar bishiya kusa da katanga, saboda an ce inuwa yake so. A watan Yuni biyu suka yi fure. Wallahi ban taɓa ganin shuɗi irin wannan a jikin abu mai rai ba, kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa, ga tsakiyarsa ruwan zinariya, ga laushi kamar siliki har hasken rana na ratsa shi. Kullum da sassafe sai na fita na tsaya a kansu. To bana biyun da suka yi furen ko alamarsu babu. Na tona wurin da yatsa, sai wani baƙin abu ruɓaɓɓe na tarar. Na ukun da bai yi fure ba shi kaɗai ya toho. Kuma irin da na tara daga waɗancan na adana a aljihun tebur, na shuka wata bakwai bayan nan, ko ɗaya bai fito ba. Shin haka halinsa yake, ya yi fure ya mutu? Ko ni ce na yi ba daidai ba? Yaya zan yi in ceci wanda ya rage?

Baba Mai Furanni:
Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, na san zafin wannan. Duk wanda ya daɗe da wannan fure ya taɓa tsayawa a kan ramin da babu komai a ciki. Amma kafin kowa ya ba ki magani, sai mun san wane ne a hannunki, domin sunan Meconopsis gida ne babba, mutanen cikinsa kuwa halinsu ba ɗaya ba. Je ki duba wanda ya rage. Ganyen ƙasa, wurin da ya haɗu da sandarsa, a yanke yake ko da ɗan lotsawa kamar zuciya, ko kuwa a hankali yake tsukewa har ya shige cikin sandar? Gefen ganyen yana da manyan haƙora masu zagaye ko kusan sumul yake? Sannan ki tuna kwanson irin bara: gajere ne mai kauri cike da gashi, ko dogo siriri? In kina da hoto ki saka mana.

Ɗan Tsauni:
Baba, ni a ganina ba sai an wahalar da ita ba. Wannan fure sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa. Na yi shekara uku ina renon nawa, ganye ya yi faɗi kamar faifai, ya fid da kara ya kusa kai tsawona, ya yi fure, ya bushe. Mai sayarwa ma ya faɗa mini tun farko. Ƙanwata, ki ɗauka hakan halittarsa ce, ki sake sayen wani.

Hajiya Mai Inuwa:
Ɗan Tsauni, wane launi naka ya yi?

Ɗan Tsauni:
Ruwan hoda mai ɗan ja, Hajiya. Furanni da yawa a jere a kara ɗaya.

Hajiya Mai Inuwa:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Naka ba nata ba ne. Abin da ka kwatanta irin wanda masu lambu ke kira napaulensis ne, ko wani ɗan'uwansa, kuma gaskiyarka, waɗannan sau ɗaya suke fure su mutu bayan shekara biyu zuwa huɗu. Haka paniculata mai rawaya, haka horridula mai ƙaya. Amma manyan shuɗɗan nan da ake magana masu daɗewa ne. Ina da kututture ɗaya da na gada a lambun nan, ya haura shekara goma sha biyar, kowace shekara yana dawowa, na kuma raba shi ya fi sau huɗu. Kada mu sa yarinya ta yanke ƙauna a kan abin da ba haka yake ba.

Malamar Tsirrai:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ɗan warware sunayen, don rikicin sunan nan shi ke sa mutane asarar kuɗi da shekaru.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne Meconopsis baileyi. Sunan wani hafsan sojan Birtaniya ne, Frederick Bailey, wanda ya ci karo da furen a 1913 a kudu maso gabashin Tibet, lokacin da yake bin kwazazzabon kogin Tsangpo. Ɗan guntun da ya dawo da shi a matse cikin takarda shi masanin tsirrai David Prain ya duba ya raɗa masa suna a 1915. Irinsa kuwa sai a 1924 mai tattara tsirrai Frank Kingdon-Ward ya je yankin ya kwaso, aka shuka, aka nuna furen a Landan a 1926, mutane suka yi ca a kai. Daga baya a 1934 masanin tsirrai George Taylor ya ce ai wannan ɗaya ne da betonicifolia, wanda wani limamin mishan Bafaranshe mai suna Delavay ya samo a lardin Yunan na ƙasar Sin tun 1886. Shekara saba'in da biyar kowa na kiransa betonicifolia, sai a 2009 wani masanin tsirrai, Christopher Grey-Wilson, ya sake raba su, ya mayar wa na Tibet da sunansa na asali. Shi ya sa har yau za ku ga fakitin iri da sunan betonicifolia, alhali abin da ke ciki baileyi ne. Alamarsa ita ce wadda Baba ya tambaya: gindin ganye a yanke ko kamar zuciya, gefe mai manyan haƙora marasa kaifi, fure matsakaici, kwanson iri gajere mai gashi cunkus, kusan babu wuya a samansa.

Na biyu shi ne grandis, na Nefal da Sikkim da kudancin Tibet. Ganyensa dogo kamar kan mashi, yana tsukewa zuwa sanda, furensa ya fi girma, yana sunkuyar da kai, kuma sandunan furen suna fitowa ne daga wani wuri a saman kara inda ganye suka taru kamar zobe. Na gaskiyar yana da wuyar samu. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan grandis ruwa-biyu ne.

Ruwa-biyun nan su ne suka cika lambuna. A 1934 wani mai lambu a Ingila, William Sheldon, ya haɗa baileyi da grandis, aka sami wanda ake kira sheldonii. Irin wannan haɗin kamar alfadari yake, ga kyau ga ƙarfi amma ba ya haihuwa. Daga baya a arewa maso yammacin Ingila, ɗaya daga cikin irin waɗannan ya wayi gari ƙwayoyin gadonsa sun ninka, sai ya fara ba da iri mai tsira. Shi ne 'Lingholm' da kuke gani, sunan wani lambu ne a can. Rikicin ya kai ga a 1998 masu lambu a Sikotland suka kafa ƙungiya musamman don warware shi, suka tattaro tsirrai suka dasa a jere suka yi ta kwatantawa, suka kasa su gida uku: masu ba da iri kamar 'Lingholm', juya marasa iri kamar 'Slieve Donard' da 'Mrs Jebb', sai gidan George Sherriff, zuriyar irin da wannan mai tattara tsirrai ya kwaso a gabashin Butan a 1934, irin su 'Jimmy Bayne' da 'Huntfield'. Waɗannan na ƙarshe tohonsu kan fito da ja-ja, furensu kuma da ɗan shunayya a ciki.

Abin da ya sa na tsawaita: in naki juya ne, ko shekara ɗari kika yi kina tara kwanso ba za ki sami tsiro ba, sai ta rabawa. In baileyi ne kuwa, iri ne hanyarsa, kuma yana da saurin ƙarewa in ya yi fure tun yana ƙarami.

Sabuwar Mai Lambu:
Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Na fita na duba yanzun nan. Gindin ganyen kamar zuciya yake, gefensa da haƙora masu zagaye, ga gashi ruwan ƙasa a jikinsa. Kwanson bara kuwa gajere ne, gashin har ya maƙale mini a yatsa, kuma cike yake da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi. Ke nan baileyi ne?

Baba Mai Furanni:
Shi ne, 'yata. Kuma na ga abin da ya faru kamar a gabana aka yi. An sayar miki da tsiro mai ido ɗaya, wato wurin toho ɗaya tal a gindinsa. Idon da ya fid da kara ya yi fure, wannan idon ya gama aikinsa, ba ya dawowa. Abin da ke dawowa shi ne 'ya'yan da suka fito a gefensa. Naki bai kai ga yin 'ya'ya ba ya zuba duk ƙarfinsa a fure, kika kuma bar shi ya ɗauki iri, sai ya ƙare. Na ukun ya tsira ne don bai yi furen ba. Shawarata: ki sa yatsa ki ƙirga idanun da ke gindinsa. In ɗaya ne, da zarar kara ya fara tasowa ki tsinke shi. Na san da ciwo. Amma shekarar da za ki haƙura ita za ta ba ki shekaru.

Manomin Tukwane:
Baba, a gafarce ni, nan ban bi ka ba. Wannan maganar tsinke kara an daɗe ana maimaita ta, kowa na karɓa daga bakin wani. Ni na gwada da idona. Dashe goma sha biyu na reno daga kwanso ɗaya, na tsinke wa shida, na bar shida. Waɗanda na tsinke wa, wasu suka sake turo wani karan daga ƙasa, na sake tsinkewa, ƙarshe biyu suka ruɓe daga wurin raunin. Waɗanda na bari, huɗu suka rayu. Abin da na lura shi ne wanda ya ƙoshi da taki da ruwa yana yin 'ya'ya ko ya yi fure ko bai yi ba. Mai yunwa kuwa ko ka tsinke mutuwa zai yi. Matsalar abinci ce, ba ta almakashi ba.

Baba Mai Furanni:
Ɗana, ban ƙi ta taka ba, amma dashenka goma sha biyu ne, ita kuwa ɗaya tal gare ta. Mai goma sha biyu yana iya caca da shida. Kuma yaushe ka tsinke? In ka bari kara ya yi kauri ya zama bututu, ka yanke shi, ruwa zai shiga ramin ya ruɓar da gindin. Tun yana ɗan tsito ake cire shi da farce.

Manomin Tukwane:
Gaskiya sun ɗan yi tsawo kafin in yanke. Wannan na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa ƙasa ce kan gaba.

Malamar Tsirrai:
Ku biyun kuna riƙe da gefe ɗaya ɗaya na tabarma guda. Masana wannan fure ma ba su haɗu a kan tsinkewar ba. Abin da babu gardama a kai shi ne tsiro mai ido da yawa ba ya bukatarta, kuma 'Lingholm' da juyan nan sun fi baileyi saurin yin 'ya'ya. Akwai kuma hanya ta tsakiya: a bar shi ya yi fure, amma da furen ya zube a cire kan, kada ya ɗauki iri.

Ni abin da ya fi tsaya mini a labarinta ma wurin dashen ne. Babbar bishiya kusa da katanga. Ƙanwata, ki tuna inda wannan tsiro ya fito: gefen dazuzzuka da bakin ƙoramu a tsaunuka, mita 3,000 zuwa 4,000 sama da teku. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, hazo da yayyafi ba dare ba rana, iska a jiƙe, amma ƙasar gangare ce, ruwa ba ya kwanciya. Da hunturu kuma dusar ƙanƙara ta rufe shi, yana barci a ƙarƙashinta ba tare da ya jiƙe ba. Ke kin ba shi akasin haka. Lokacin girma saiwoyin bishiya sun shanye ruwan, katanga ta tare ruwan sama. Lokacin barci kuma, in ƙasarki mai yumɓu ce, ya kwana cikin taɓo. Baƙin abin da kika tono shi ne shaidar.

Sabuwar Mai Lambu:
Yumɓu ce kuwa, in an yi ruwa har manne wa takalmi take. To ina zan mayar da shi?

Hajiya Mai Inuwa:
Nemi wurin da rana ke leƙowa da safe ta tafi kafin ta yi zafi, ko inda haske ke ratsowa ta tsakanin rassa, amma nesa da saiwar manyan itatuwa. Iska ma kada ta yi yawa, tana yayyaga furen tana busar da ganye. Ki haƙa ƙasa da zurfi, kamar kamu biyu, ki cuɗa ta da ruɓaɓɓen ganye da takin da ya gama ruɓewa sarai, ki ƙara tsakuwa ƙanana. Tunda yumɓu ce, ki ɗaga kunyar ta fi sauran ƙasa tudu. Gwajin da nake yi shi ne in damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule, amma in na taɓa ta da yatsa ta warware. In ta zauna kamar curi, ba ta yi ba.

Wannan fure maci ne, kada siririn kyansa ya ruɗe ki. Kowace shekara ina zuba masa ruɓaɓɓen ganye kewaye da shi, kauri kamar yatsa uku, amma ban taɓa bari ya hau kan idon ba. Ki bar masa wuya a buɗe. Tsakanin tsiro da tsiro kuma kamar rabin mita.

Ɗan Tsauni:
Na karɓi gyara a kan maganar farko, na gode Hajiya. Amma ina da tambaya. An ce dole ƙasa ta zama mai tsami, in ba haka ba furen ba zai yi shuɗi ba. Gaskiya ne?

Malamar Tsirrai:
Da gaskiya a ciki, amma an zuzuta. Ya fi son ƙasa mai ɗan tsami ko tsaka-tsaki, wato ma'aunin pH daga wajen 5.5 zuwa 7. A ƙasa mai alli da yawa yakan wahala, launin kuma ya karkata zuwa shunayya. Sai dai ba ƙasa kaɗai ke juya launi ba. Yanayin shekara yana taɓa shi, kuma wasu tun asali da shunayyarsu suka zo, kamar na gidan Sherriff da na ambata, waɗanda sukan buɗe da ja-ja su washe daga baya. Akwai ma baileyi fari fat, akwai mai shunayya zalla da ake kira 'Hensol Violet'. Don haka kada mutum ya ga launi bai yi masa ba ya hau zuba wa ƙasa magunguna. In ruwan famfonku mai alli ne, tara ruwan sama ya fi.

Mai Neman Sani:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar nan tun farko. Ni inda nake zafi yakan wuce digiri 35 wata da watanni, dare ma ba ya sanyi. In na sa shi a tukunya a inuwa ina ba shi ruwa sau biyu a rana fa? Na ga hotonsa ne ya shiga raina.

Baba Mai Furanni:
Ɗan'uwa, gara in gaya maka gaskiya da in bar ka ka yi asara. Ba zai yi ba. Ba ƙishirwa ke kashe shi a zafi ba, zafin ne kansa. Da an haura digiri 25 zuwa 27 na kwanaki a jere zai fara yaushi ko ƙasa na jiƙe, in ka ƙara ruwa a ƙasa mai ɗumi kuma saiwa ta ruɓe. Dubi inda ya yi suna: Sikotland, arewacin Ingila, Ailan, Alaska, gaɓar Kanada. Lambun Branklyn a garin Perth na Sikotland, lambun Reford a Kebek ta Kanada, har lambun Tromso a arewacin Norwe, can cikin yankin ƙanƙara. Duk wuraren da rani ke da sanyi da laima ne. Kudancin Ingila ma wahala suke sha da shi.

Manomin Tukwane:
Ƙari a kan na Baba: lambun Longwood a Pensilbaniya ta Amurka yana nuna shi duk shekara a watan Maris, amma daga Alaska ake kawo musu tsirran, a reno su a ɗakin gilashi mai sanyi, a nuna su kamar mako biyu, shi ke nan. Masu kuɗi da ma'aikata da na'ura ke nan, ba su iya riƙe shi a fili ba. In shuɗi kake so a wurin zafi, akwai furannin da za su saka maka da alheri, ka buɗe wani zaren mu tattauna su.

Mai Neman Sani:
Na gode da gaskiyar. Tambaya ta ƙarshe, tunda fofi ne, ba shi ne wanda ake haramta nomansa ba?

Malamar Tsirrai:
A'a. Dangi ɗaya ne babba, amma wancan Papaver somniferum ne, wanda ake samun ƙwayar maye ta opium daga gare shi, jinsinsa daban. Sunan Meconopsis ma daga Girkanci yake, ma'anarsa mai kama da fofi. Wannan furen ado ne. Wani daga cikinsu, gakyidiana, shi ne ma furen ƙasa na Butan.

Sabuwar Mai Lambu:
To saura maganar iri. Me ya hana nawa fitowa? Na ga ƙwayoyin lafiyarsu lau.

Hajiya Mai Inuwa:
Aljihun tebur ne ya kashe su. Irin wannan fure ba ya jure ɗumi, wata kaɗan a ɗaki ya isa ya mutu a tsaye. Ni ma na sha wannan. Na taɓa sayen fakiti uku daga wani kamfanin iri, na yi duk abin da aka ce, tukwane suka zauna wata huɗu babu ko kore ɗaya. Ashe fakitin sun daɗe a rataye a wuri mai ɗumi. Sai da wata maƙwabciya ta ba ni kwanso biyu daga lambunta na gane ba hannuna ba ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Idan kwanso ya zama ruwan ƙasa ya fara buɗe baki a sama, sai in yanke shi in kife cikin ambulan na takarda. In bar shi ya sha iska mako guda, in tsince dattin, in sa ambulan ɗin a kwalba mai murfi, in ajiye a firji, ba wurin ƙanƙara ba. Ƙwayar kirki tana da ɗan kauri kamar ƙaramar ƙoda, wadda ta shafe kamar ƙura ba komai a cikinta. A Janairu ko Fabrairu, ga mu da ke arewacin duniya, sai in cika tukunya da ƙasar reno mai sauƙi haɗe da yashi mai kauri, in danna ta a hankali, in jiƙa ta ta ƙasa. In barbaɗa irin a sama, tsakaninsu da tazara, kada hannu ya yi nauyi. Ba na binne shi, haske yake so. Abin da nake yi kawai shi ne yayyafa tsakuwa 'yan ƙanana, sirara har ina hango ƙasar. Sai in ajiye a waje inda sanyi zai taɓa shi amma ruwan sama ba zai dake shi ba. Da yanayi ya kai digiri 10 zuwa 15, cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga wasu korayen zare kamar gashin ido. Kada ki sa shi kusa da abin ɗumama ɗaki.

Daga nan ne aikin yake. Saman ƙasar ya bushe na yini ɗaya, sun tafi. Ya jiƙe da yawa babu iska, fumfuna ta kama su a wuya su kwanta duka a dare ɗaya. Shi ya sa tazarar nan take da muhimmanci, kuma kullum ta ƙasa nake ba su ruwa, in tsoma gindin tukunyar a faranti. Idan suka yi ganyen gaskiya biyu, masu ɗan gashi, sai in ɗaga su da bakin fensir, in riƙe ganye ba kara ba, kowanne tukunyarsa. Kada ki bari saiwa ta cika tukunya ta naɗe, da ta leƙo ta ƙasa ki sauya babba. Wanda ya tsaya da girma sau ɗaya ba ya cika farfaɗowa. Ƙarshen rani ko farkon shekara mai zuwa su shiga ƙasa, shekara ta biyu su yi fure.

Manomin Tukwane:
Hajiya, ni nakan shuka rabi nan take da na girbe, a Agusta, don sabon iri ya fi saurin fitowa. Matsalar kawai ƙananan sukan sha wuya kafin su ƙetare hunturu. Rabin kuma in bi hanyarki. In ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi.

Ɗan Tsauni:
Baba, juyan fa, yaya ake raba su? Wani ya yi mini alkawarin 'Slieve Donard' in na san yadda zan karɓa.

Baba Mai Furanni:
Ka yi sa'a, wannan shuɗinsa tsantsa ne. Lokaci biyu ne: farkon shekara da toho ya fara leƙowa kamar kunnen ɓera, ko bayan fure wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ƙasa na da sauran ɗumi. Ka zaɓi rana mai lumshi. A shayar da shi tun jiya. A sa cokalin haƙa nesa da gindi a ɗago kututturen gaba ɗaya, a girgiza ƙasar. Za ka ga idanun a jere, kowanne da saiwarsa fara. Da hannu ake raba su, ana murzawa a hankali har su saki juna, saiwar tana da gautsi, wuƙa sai in dole. Kowane kaso ya sami ido biyu ko uku, kada kwaɗayin yawa ya sa ku mayar da shi ɗaya-ɗaya, ku koma matsalar da ta buɗe wannan zaren. Tsohon tsakiyar da ya yi baƙi a jefar. In tafiya za ka yi da shi, naɗe saiwar da jiƙaƙƙen tsumma, ka dasa a ranar, daidai zurfin da yake a da, ka ba shi ruwa sosai. Shekara uku zuwa huɗu ana maimaitawa, in ba haka ba ya cunkushe furen ya ragu. Kuma ka rubuta sunan a abin da ruwa ba ya gogewa ka kafa a gefensa, ka ga dai yadda ɓatan suna ya wahalar da mutane.

Sabuwar Mai Lambu:
Baba, na ƙirga. Ido biyu ne, ɗaya babba ɗaya ɗan ƙarami a gefensa. Na sami wuri a arewacin gidan, rana na taɓa shi zuwa hantsi kawai, babu bishiya kusa. Gobe zan fara gyaran ƙasar yadda Hajiya ta ce. In matsar da shi yanzu ko in jira? Kuma na ga wasu ramuka a sabon ganyen da wani farin sawu mai ƙyalli a kan ƙasa.

Baba Mai Furanni:
Tunda tohon bai wuce tsawon yatsa ba, matsar da shi da zarar ƙasar ta shirya, ki ɗauko shi da ƙasarsa mai yawa, kada ki raba shi bana. Da ido biyu, ni da zan tsinke karan, Manomin Tukwane zai ce ki bari. In zuciyarki ba ta iya ba, bar fure ɗaya ko biyu ki gani, ki cire kan da sun zube, ki nemi sabon iri wurin wani mai lambu. Amma sawun nan mai ƙyalli kada ki jira gobe. Dodon-koɗi ne, kuma tohon nan shi ne abincin da ya fi so, a dare biyu zai iya cinye ƙaramin idon. Yau bayan isha'i ki ɗauki tocila ki fita, ki duba ƙarƙashin ganye da gindin katangar, ki tsince su da hannu, jibi ma ki sake.